Darasin Sana'ar Hannu: Saƙar Kwarashi da Leda da Tsumma Domin Amfanin Gida da Adon Sallah

Duk iyalin da suka baro gida cikin gaggawa sun san abin da aka fara rasawa: tabarma, faifai, kwando, bargon yara. Kaya ne ƙanana, amma idan aka tashi sayensu gaba ɗaya sai su cinye kuɗin abinci da na magani. Darasinmu na wannan fitowa zai nuna yadda ake yin wasu daga cikinsu da hannu, da abin da mutane suke zubarwa. Mun rubuta shi ne musamman domin iyalan da suka sami mafaka a unguwannin Zango na birnin Akra, kamar Nima da Maamobi, amma waɗanda ke sansanin Krisan ko Ampain ko Tarikom su ma za su iya binsa. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa.

1. Inda ake samun kayan aiki

Abu uku ake buƙata: kwarashi, almakashi da zare.

Kwarashi da ulu sabo ana samunsu a kasuwar Makola, babbar kasuwar da ke tsakiyar Akra tun 1924, wajen masu sayar da kayan ɗinki. Kasuwa ce mai cunkoso, don haka ku tafi da safe, ku tafi ku biyu, ku tambayi farashi a wuri uku kafin ku saya. Kwarashi yana da lamba a jikinsa. Mai milimita 4 ko 5 ya dace da ulu, mai milimita 8 zuwa 10 shi ne na leda da tsumma. Idan babu kuɗi, a sami icce mai ƙarfi, tsawonsa kamar taƙi ɗaya, kaurinsa kamar ƙaramin yatsa, a fiƙe bakinsa, a yi masa ƙugiya da wuƙa, a goge shi da dutse har ya yi santsi. Hannun tsohon buroshin haƙori ma yana yi.

Kusa da Makola akwai kasuwar Kantamanto ta kayan gwanjo, wadda gobara ta cinye babban ɓangarenta a farkon Janairun 2025, 'yan kasuwar kuma suka sake gina rumfunansu. Ƙungiyar Or Foundation da ke aiki a can ta ƙiyasta cewa tufafi wajen miliyan 15 ke shiga kasuwar kowane mako, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari suna ƙarewa ne a bola. Cikin waɗannan da ba su sayu ba akwai riguna masu miƙewa da rigunan sanyi na saƙa, kuma su ne zarenmu. Rigar da ta yage ko ta yi tabo ba ta da mai saya, da yamma kuwa farashinta ƙasa yake. Haka nan telolin unguwa suna da ragowar atamfa da shadda da suke sharewa kullum. A gaishe su, a roƙa, a bar musu buhu su riƙa tarawa.

Leda kuma ba sai an je ko'ina ba. Baƙar ledar cefane tana ko'ina, ita ce ma take toshe magudanar ruwan da ta ratsa tsakanin Nima da Maamobi. Mutanen Akra ba su manta da daren 3 ga Yuni, 2015 ba, lokacin da ambaliya ta haɗu da gobara a gidan mai kusa da shataletalen Kwame Nkrumah, mutum fiye da 150 suka rasu. Toshewar magudanai da shara na cikin abin da ya tsananta ambaliyar. Ledar da kuka saƙa ta zama tabarma, ta tsira daga shiga kwata.

2. Yadda ake haɗa zare

Zaren leda. A wanke ledojin da sabulu, a shanya su bushe sarai. A shimfiɗa ɗaya, a ninka ta a tsaye sau biyu, a yanke hannayen da gindin. Sai a yayyanka abin da ya rage, faɗin kowane yanki kamar yatsu biyu. Idan aka buɗe yankin za a ga ya zama zobe. A zura zobe ɗaya cikin ɗaya, a ja shi ta cikin kansa a hankali har su ƙullu, a ci gaba haka, ana dunƙulewa kamar ƙwallo. Kada a ja da ƙarfi, leda tana tsinkewa.

Zaren riga. A yanke rigar daga ƙarƙashin hamata, a cire lafin ƙasa. Abin da ya rage a yanka shi a zagaye ba tare da tsinkewa ba, kamar yadda ake ɓare lemo, faɗinsa santimita 2. Idan aka ja shi zai nannaɗe ya zama igiya mai laushi.

Ulun rigar sanyi. A juya rigar a duba ɗinkin gefe. Idan an saƙa kowane ɓangare daban aka haɗa, zai warware ya ba da zare mai tsawo. Idan kuwa an yanka saƙar ne aka daje bakin da keke, a bar ta, guntaye kawai za a samu. A fara warwarewa daga kafaɗa zuwa ƙasa, a naɗe ulun a bayan kujera, a ɗaure shi a wuri huɗu, a jiƙa a ruwan sanyi, a rataya a inuwa. Idan ya bushe lanƙwasarsa za ta ragu.

3. Saƙa uku da ya kamata a iya

Sarƙa. A yi ƙulli mai zamewa a kan kwarashi. A rataya zare a ƙugiya, a jawo shi ta cikin madaukin. An yi sarƙa ɗaya ke nan. Da ita ake fara kusan kowane aiki.

Gajeriyar saƙa. A soka kwarashi cikin idon sarƙa, a jawo zare, madaukai biyu za su kasance a kan kwarashin. A sake rataya zare, a jawo ta cikin biyun gaba ɗaya. Wannan saƙa tana da ƙarfi da kauri, ita ce ta tabarma da kwando.

Doguwar saƙa. A rataya zare tukuna kafin a soka, a jawo, madaukai su zama uku. A rataya a fitar ta cikin biyu, a sake ratayawa a fitar ta cikin biyun da suka rage. Ta fi sauri, ta fi laushi, ta dace da mayafi da bargon jariri.

Sai ƙa'idar zagaye, wadda da ita ake yin faifai da hula da kwando. A yi sarƙa 4 a haɗa ta zama zobe. A yi gajeriyar saƙa 6 a cikin zoben. A layi na biyu a yi biyu-biyu a kowane ido, su zama 12. Layi na uku 18, na huɗu 24. Wato kowane layi ana ƙara 6, ana rarraba ƙarin daidai a kewaye. Muddin ana ƙarawa haka, aikin zai kwanta kamar faifai. Ranar da aka daina ƙarawa, gefe zai fara tashi kamar ƙwarya. Idan faifan ya yi tattara an yi ƙari da yawa, idan ya fara komawa kamar kwano ƙarin bai isa ba.

4. Ayyuka huɗu na gida

Shimfiɗar kwana. A yi sarƙar leda mai tsawon santimita 90, a bi ta da gajeriyar saƙa, a ƙarshen layi a yi sarƙa ɗaya a juya. A ci gaba har ta kai santimita 180. Ta babba tana cin leda wajen 500 zuwa 700, don haka aiki ne na taro: yara manya su wanke, wasu su yanka, wasu su saƙa. Amfaninta shi ne ba ta shan danshin ƙasa a lokacin damina, ana wanke ta da ruwa, ta bushe da wuri. A ɗora zane a kai kafin a kwanta. A fara da ta yaro, wadda rabin wannan ledar ta ishe ta.

Kwandon ajiya. Da zaren riga a yi faifai mai faɗin taƙi ɗaya, a daina ƙari, a ɗaga gefe gwargwadon buƙata. A matse saƙar sosai domin ya tsaya da kansa. Ana zuba albasa, cokula ko kayan makarantar yara. Idan aka yi masa hannu biyu da sarƙa mai kauri ya zama jakar cefane, an huta da karɓar leda a kasuwa.

Hular hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kawo ƙura da sanyin asuba, musamman a arewacin Ghana. A auna zagayen kan yaro da zare, a raba tsawon kashi uku, a rage kaɗan. Abin da aka samu shi ne faɗin faifan saman hular. Misali, kai mai zagayen santimita 48 yana son faifai mai kusan santimita 15. Daga nan a daina ƙari, a ci gaba da saƙa har ta rufe kunne. Da ulu ake yin ta, ban da leda.

Soson wanke-wanke. Buhun raga na albasa, idan aka yayyanka shi aka saƙa ƙaramin faifai mai layi huɗu, yana goge tukunya sosai. A riƙa ɗauraye shi ana shanyawa a rana bayan an gama.

Ledar ruwan sha mai rabin lita tana da tauri, ba ta jin daɗin kwarashi, ta fi son ɗinki. A yanke gefenta, a wanke, a shanya, a jera a ɗinke. Ana samun jakar makaranta ko murfin da zai kare buhun gari daga yoyon kwano. Kamfanin Trashy Bags da ke Akra da irin wannan ledar yake ɗinka jakunkunan sayarwa tun 2007.

5. Adon Sallah da sauran bukukuwa

Yaro ba ya tambayar dalilin da ya sa ɗakinsu bai yi kyau ranar Sallah ba, amma yana lura. Ado kaɗan yana nuna masa cewa ranar ta zo gidansu kamar yadda ta zo gidan kowa.

A yanka ragowar atamfa masu kusurwa uku, a ɗinka su a jere a kan igiya, a rataya a bakin ƙofa. Domin Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah da Maulidi, a yanka wata da tauraro a kwali, a shafa ƙullun rogo da aka dafa ya yi danƙo, a naɗe su da ulu mai launi. Iyalan da ke bikin Kirsimeti za su iya yin taurari da ƙananan ƙwallaye ta wannan hanya. Ranar 6 ga Maris, ranar 'yancin kan Ghana, 'yan makaranta suna son abin hannu da ribom masu ja da rawaya da kore.

Furen ulu shi ne mafi sauƙi. A naɗe ulu a yatsu uku wajen sau 50, a zare, a ɗaure tsakiya tamau, a yanke madaukan gefe biyu, a daidaita da almakashi. Ana sa shi a hular jariri, a bakin labule ko a kan kitson yarinya. Faifan rufe abinci mai launi biyu kuma yana ƙawata kwanon da za a kai wa maƙwabta ranar Sallah. Bayan biki a tattara adon a kwali domin baɗi.

6. Kiyaye lafiya

Kada a ɗauko leda daga kwata, ko bolar asibiti, ko wadda aka zuba maganin ƙwari a ciki. Kada a ƙona ragowar leda, hayaƙinta yana cutar da ƙirji, musamman na yara da masu asma. Abin da aka saƙa da leda ko ulun roba yana narkewa, don haka kada a ɗora tukunya mai zafi a kansa, kada a rataya ado kusa da murhu, fitilar kananzir, kyandir ko maganin sauro na kunnawa. Jariri ba ya kwana kai tsaye a kan shimfiɗar leda. A ɓoye kwarashi da almakashi da guntayen leda daga masu rarrafe, kuma kada a sa igiya ko duwatsun ado a hular jariri.

7. Idan ana son sayarwa

Kafin a faɗi farashi a yi lissafi. Ga misali kawai: a ce an kashe sidi 20 a zare, sidi 10 a mota zuwa kasuwa da dawowa, aka sami huluna 3. Kowace hula ta ci sidi 10 ke nan tun kafin a sa ladan hannu. Wadda ta sayar a sidi 10 ta yi aikin banza. Shi ya sa ya fi kyau mata biyar ko shida su haɗa kuɗi, ɗaya ta je Makola ta sayo wa kowa. Adashi, wanda a nan ake kira susu, yana taimakawa wajen tara jarin farko.

A fara da maƙwabta, da gidajen suna da na biki, da iyayen yara a makarantar allo. Hula a gama ta tun Nuwamba, kayan ado tun kafin azumi ya raba. Kasa kaya a bakin titi yana da doka, jami'an ƙaramar hukuma sukan kwashe na wanda ba shi da izini. A tambayi magajiya ko shugabannin kasuwa tukuna, a kuma riƙa yawo da katin shaida. Game da izinin sana'a, a nemi bayani daga Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Ghana. Hukumar UNHCR kuma tana da shirin MADE51, wanda ta ƙaddamar a 2018 domin kai kayan hannun 'yan gudun hijira kasuwannin duniya. Irin wannan kasuwa tana son aiki mai tsabta wanda girmansa bai sha bamban ba daga ɗaya zuwa ɗaya, wannan kuwa sai da yawan yi.

Aikin wannan mako

Kowane gida ya tara leda 30, ya wanke, ya haɗa ƙwallon zare ɗaya. A yi sarƙa mai tsawon kamu ɗaya, a warware, a sake, har idanunta su daidaita. Sannan a gwada faifai mai layi huɗu: 6, 12, 18, 24. Na farko zai karkace, kowa haka ya fara, sannu ba ta hana zuwa. Wadda ta riga ta iya saƙa tun daga gida, ta zaunar da mutum biyu kusa da ita ta nuna musu yadda ake riƙe kwarashi.