Darasin Kasuwanci: Haɗa Hoton Ɗaki A Kwamfuta Don Tallar Kaya

Ɗan kasuwar da ke sayar da kujeru, gadaje, labule ko darduma ba sai ya kama hayar gida ya ƙawata shi ba kafin ya sami hoton talla. Ana iya ɗaukar hoton ɗaki wayam, a ɗauki na kowane kaya daban, sannan a harhaɗa su a kwamfuta su zama hoto guda.

Manhajar da aka fi yin wannan aiki da ita ita ce Photoshop ta kamfanin Adobe, wadda ta shiga kasuwa a 1990. A 1994 ne aka ƙara mata tsarin jera hotuna hawa-hawa, wato bango a ƙasa, darduma a bisansa, kujera a bisa darduma, ta yadda za a iya cire ɗaya ko a sauya masa launi ba tare da an taɓa sauran ba.

A nan ribar take. Kuɗin hoton farko ne mai nauyi. Na biyu da na goma kusan ladan ma'aikaci ne kawai, babu kuɗin dako, babu na fenti. Kamfanin IKEA na ƙasar Suwidin ya zarce haɗa hotuna, ya kai ga ƙirƙirar su baki ɗaya da kwamfuta: ya fara da kujera guda a littafin tallarsa na 2006, kuma ya zuwa 2014 kimanin kashi 75 cikin 100 na hotunan kayansa haka aka samar da su.

Sai dai aikin ba ya son gaggawa. Dole a ɗauki ɗakin da kayan daga tsayi ɗaya da kusurwa ɗaya, in ba haka ba teburi zai fito kamar zai kife. Idan haske na shigowa ta tagar dama, inuwar kowane kaya hagu za ta faɗi. Ƙaramar inuwar nan mai duhu da ke ƙarƙashin ƙafar kujera, wadda 'yan koyo suka fi mantawa da ita, ita ce ke dasa kujerar a ƙasa. In babu ita, sai a ga kujera tana lilo a iska.

Batun girma ya fi kowanne haɗari. Ƙofar ɗaki kan kai tsayin kimanin mita 2, don haka da ita ya kamata a auna sauran kayan. Wasu dillalan gidaje kan ƙanƙantar da gado da gangan domin ɗaki ya yi kamar mai faɗi, alhali Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018 ta haramta bayanin da zai yaudari mai saye a Nijeriya. Wanda ya haɗa hoto ya rubuta hakan a ƙarƙashinsa, tare da ainihin tsawo da faɗin kayan, kuma ya adana hoton asali domin ranar da mai saye zai dawo da ƙorafi.