Kalmar "Ƙari" da Yadda Ciwon Yake Samuwa

1.0 Gabatarwa

Bahaushe yana kiran kumburin da ya tsiro a jiki ba tare da rauni ba da sunan "ƙari". Kalmar ta samo asali daga aikatau "ƙara", wato abin da ya ɗaru a kan yadda aka halicci jiki. Wannan rubutu zai nuna cewa sunan ya dace da bayanin likitoci.

2.0 Yadda Ƙari Yake Farawa

Jikin ɗan Adam ginin ƙwayoyin halitta ne. Kowace ƙwaya tana rabuwa biyu idan jiki na buƙata, ta tsaya idan buƙata ta biya, ta mutu idan ta tsufa. Ƙwayoyin gado da ke cikinta su ne ke ba da wannan umarni: wasu na cewa a hayayyafa, wasu na cewa a dakata. Idan suka lalace, sai ƙwayar ta yi ta rabuwa ba ƙaƙƙautawa har ta zama curi. Yawanci lalacewar kan taru ne a hankali cikin shekaru.

3.0 Ire-irensa

Akwai ƙarin da ke zama wuri ɗaya, kamar ƙarin kitse a ƙarƙashin fata da ƙarin mahaifa. Akwai kuma mai cin naman da ke kusa da shi, ya bi jini zuwa wasu sassa. Wannan ne ake kira ciwon daji ko sankara. Ke nan ba kowane ƙari ne daji ba.

4.0 Misali Daga Gida

A Damagum da sauran ƙauyukan Fune, kamar ko'ina a Arewa, ana adana hatsi da gyaɗa a rumbu ko buhu. Idan an tara su da danshi, sukan yi funfuna mai fitar da gubar afulatoksin, wadda aka gano bayan mutuwar dubban talotalo a Ingila a 1960. Gubar tana lalata ƙwayar gado mai suna TP53, ɗaya daga masu tsayar da hayayyafa a hanta. Haɗarin yakan ninka ga mai ciwon hanta nau'in B, wanda aka fara yi wa jarirai rigakafinsa a Nijeriya a 2004.

5.0 Kammalawa

A busar da amfanin gona sosai, a zubar da mai funfuna, a kai jarirai rigakafi. Wanda ya ga ƙari a jikinsa ya je asibiti tun yana ƙarami, domin ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.