Daga Tsibiri Zuwa Tukunyar Miya: Darasi Kan Kifin Da Muke Ci

Darasin allon bango na wannan mako a kan kifi ne. Mu a Katsina ba mu da teku, ba mu da babban kogi. Daga nan zuwa bakin teku a Legas, tafiyar mota ta fi kilomita 1,000. Duk da haka da wuya ka zaga Ƙofar Durbi da yamma ba ka ji ƙamshin soyayyen kifi ba, ko ka ga banda a miyar kuka. To daga ina yake zuwa, kuma me ya sa bai ruɓe a hanya ba?

Hanyoyi uku na kifinmu

Na farko shi ne ɗanyen kifi daga madatsun ruwan jiharmu, irin su Ajiwa da Zobe da Jibiya, da kuma wanda ake kiwo a gidajen gona. Yawancinsa tarwaɗa ne da karfasa. Na biyu shi ne kifin ƙanƙara, wanda ake kamowa a teku, a shigo da shi ƙasar nan cikin jiragen ruwa. Na uku shi ne busasshen kifi da banda. Shi ne ya fi daɗewa a tarihin kasuwancinmu, kuma mai yawa daga cikinsa daga Tafkin Chadi yake fitowa.

Tsibiran Tafkin Chadi

Tsibiri ƙasa ce da ruwa ya kewaye ta ko'ina. Tafkin Chadi, wanda ke tsakanin Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru, cike yake da ƙananan tsibirai. Mutanen da suka daɗe a cikinsu su ne Buduma, masu su da kiwon shanu. Daga baya masunta Hausawa da Barebari da wasu ƙabilu suka je suka zauna.

A farkon shekarun 1960 faɗin tafkin ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Farin shekarun 1970 da 1980 ya sa ya janye ƙwarai, har abin da ya rage a fili bai fi kashi 10 cikin 100 ba. Ruwa na janyewa, masunta na bin sa. Haka 'yan Najeriya da yawa suka kafa zama a Darak. A 2002 Kotun Duniya ta yanke hukuncin cewa wurin na Kamaru ne, kuma Najeriya ta miƙa shi a ƙarshen 2003.

Masuncin tsibiri ba shi da lantarki, ba shi da firji, ga zafi. Idan ya bar kifinsa ya wuni haka nan, ya yi asara. Saboda haka yakan feɗe shi, ya yanka manya gunduwa-gunduwa, ya jera a kan waya, ya hura wuta mai hayaƙi a ƙasa. Wannan ita ce banda. Daga tsibiri sai kwale-kwale ya kai shi Baga a jihar Borno, daga nan mota ta ɗauka zuwa Maiduguri da Kano, har ya iso mana. Tafiyar ta fi kilomita 900. Lokacin da rikicin Boko Haram ya tsananta, musamman harin Baga na Janairun 2015, masunta da yawa sun gudu, kasuwar ta tsaya. Ka ga ke nan abin da ya faru a Borno yana iya taɓa tukunyar miya a Katsina.

Me ya sa banda ba ta saurin ruɓewa?

Ga kimiyyar a taƙaice. Wajen kashi 3 cikin 4 na jikin ɗanyen kifi ruwa ne. Ƙwayoyin cuta da ke ruɓar da nama ba sa iya hayayyafa sai da ruwa da ɗumi. Don haka duk dabarar ajiye kifi ɗayan biyu ce: ko a raba shi da ruwa, ko a raba shi da ɗumi. Rana tana busarwa. Gishiri yana zuƙe ruwa. Wuta tana busarwa, hayaƙinta kuma yana hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa. Ƙanƙara ita ce ke kawar da ɗumi.

Yadda mutanen Kambodiya suke yi

Ba mu kaɗai muke da wannan matsala ba. A nahiyar Asiya, tsakanin Tailan da Biyetnam, akwai ƙasa mai zafi da ake kira Kambodiya. Yawancin mutanenta ƙabilar Khmer ne, kuma abincinsu na kullum shinkafa ce da kifi. Akwai Musulmi a cikinsu da ake kira Cham, da yawansu masunta ne.

A gefen garin Kep na bakin teku akwai wani ɗan tsibiri mai suna Koh Tonsay, ma'anarsa Tsibirin Zomo. 'Yan gidaje kaɗan ne a kansa, kuma su ne sana'arsu. A wannan yanki an fi sanin ƙaguwa. Sukan bar ta da ranta cikin kwando a ruwa, sai mai saye ya zo a ɗauko, a soya ta da ɗanyen masoron Kampot. Suna kuma da wani abinci, amok, wato kifi da aka haɗa da madarar kwakwa da kayan ƙamshi, aka turara cikin ganyen ayaba, kamar yadda muke turara alala.

Wannan na wanda ke zaune a bakin ruwa ne. Manomin da ke nesa fa? Shi abin da ya dogara da shi sunansa prahok. Kambodiya tana da babban tafki mai suna Tonle Sap, wanda ke cika da damina idan kogin Mekong ya tumbatsa. Idan ruwa ya fara janyewa, wajen Disamba zuwa Fabrairu, sai a kama ƙananan kifaye masu yawan gaske. A wanke su, a zuba gishiri sosai, a danna cikin randa, a rufe na watanni. Abin da zai fito yana da wari mai ƙarfi, amma ɗan kaɗan ya isa ya gyara miya. Kada mu yi musu dariya, domin mu ma haka muke rufe kalwa ta zama daddawa. Su da gishiri, mu da hayaƙi, amma manufar ɗaya ce: a ajiye na lokacin yalwa don lokacin babu.

Inda haɗarin yake

Busasshen kifi yana da maƙiyi, wato ƙwari da ke huda shi su mayar da shi gari. Don gudun asara, wasu masu sayarwa marasa tsoron Allah suna yayyafa masa maganin ƙwari irin su fiya-fiya. Wannan guba ce, kuma hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kan sa irin wannan magani a abinci. Mu ne ake aike kasuwa, don haka mu kiyaye:

1. Ka shinshina kifin. Idan ka ji warin magani maimakon ƙamshin hayaƙi, kada ka saya.
2. Ka duba ko yana da fumfuna, ko tsutsa, ko ya yi laushi.
3. A gida a jiƙa shi da ruwan zafi, a wanke sosai, a zubar da ruwan. Amma wanki ba ya fitar da guba duka, shi ya sa na farkon ya fi muhimmanci.
4. Kifin ƙanƙara da ya narke har ya fara wari, a bar wa mai shi.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Idan kifin bai kwanta maka a rai ba, gara ka koma gida da kuɗin ka yi wa Mama bayani.

Tambayoyin mako

Ƙasashe nawa ne suka kewaye Tafkin Chadi? Me gishiri yake yi wa ɗanyen kifi? Wane abu ne a miyarmu ya yi kama da prahok? A rubuta amsa da suna da aji, a miƙa wa sakataren ƙungiyarmu kafin ranar Alhamis. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka ci a fitowa ta gaba, in sha Allahu.

Daga wakilin aji biyu na ƙaramar sakandare, Ƙungiyar 'Yan Jarida