Kafin Ka Ɗauki Tsintsiya

Ɗana, na ga aikin da ka turo jiya da daddare, inda ka bi fayilolin gwajin manhajar farautar kuskure ka jera su kan tsari ɗaya. Allah Ya yi maka albarka. Yawancin sa'anninka sabon gini suke so a gani, ba kowa ke yarda ya yi shara ba.

Tsarin ba ado ba ne kawai. Mutanen GNU, masu GDB, manhajar farautar kuskuren da Richard Stallman ya fara a 1986, suna son a bar gurbi tsakanin sunan aiki da bakan da ke biye da shi, kuma sunan ya fara layinsa. Masu Python suna da PEP 8 tun 2001: gurbi 4 a kowane shiga ciki, layi kada ya wuce haruffa 79. Ko wanne ne bai zo daga sama ba. Amfaninsa dai idon mai dubawa ya huta, ya ga kuskuren gaske. Gidan da ka tarar, bi tsarinsa, ko da naka ya fi maka kyau.

Amma ɗakin gwajin manhajar farautar kuskure daban yake, kuma a nan na taɓa ƙonewa. Ina matashi na gyara wani ɗan fayil na C, na sauke baka ɗaya zuwa layinsa, na cire layuka biyu da babu komai a cikinsu. Na kwana ina jin na yi abin kirki. Da safe gwaje-gwaje sun zube. Ashe an rubuta wa manhajar ta tsaya a layi na 27, ni kuwa na matsar da abin da ke wurin zuwa 26. A sauran wurare lambar layi ba ta dame kowa ba. A nan ita ce abin da ake gwadawa. Garin neman gira na kusa rasa ido.

Shi ya sa a gwajin GDB ake barin ɗan sharhi a gefen layin a matsayin alama, gdb_get_line_number ya nemo lambar da kansa. Duk inda ka ga lamba a rubuce tsirara, fara mayar da ita alama tukuna.

Sannan na lura ka cusa gyaran wani kuskure a cikin sharar. Raba su. Mai dubawa ba zai hango layi ɗaya mai ma'ana a cikin ɗaruruwan da gurbi kawai ya canza ba. Kuma tun 2019 Git yana iya tsallake shigarwar da shara ce zalla idan ana neman wanda ya rubuta layi, amma hakan na da amfani ne kawai in ba a gauraya ta da komai ba.

Ka koma ka gudanar da gwajin kafin gyara da bayansa, ka ajiye sakamakon biyu gefe da gefe. In sun yi daidai, turo mini, ina nan har la'asar.