Darasi: Saran icce sana'a ce, sai an koya

Kullum safiya amalanke da jakuna da manyan motoci suna shigowa birnin Maraɗi ɗauke da icce. Da shi uwayenmu suke dafa tuwo, da shi masu burodi da masu tsire suke hura wuta. A Tibiri da Jiratawa ma haka abin yake. Wani iccen daga gonaki yake fitowa, wani daga dajin Baban Rafi, kudu da Maraɗi, cikin yankin Madarunfa.

Mutanen da suke saro wannan icce suna aiki mai wuya, mai haɗari. Gatari yana tsinke ƙafa. Reshe yana fasa kai. Idan mai gida ya ji rauni, iyalinsa duka sun shiga wahala. Don haka ba kowa ne ya ɗauki gatari ya zama masassari ba. Sai an koya.

1. Doka

A shekara ta 1992 gwamnatin Nijar ta yi dokar da ta kafa kasuwannin icce na ƙauye. Mutanen ƙauye su ne suke kula da dajinsu, su sara, su sayar. Ana raba daji kashi kashi. Bana a sari wannan kashi, baɗi a bar shi ya huta. Ma'aikatan gandun daji suna nuna ma masu sara iccen da ya isa sara da wanda bai isa ba. Akwai itatuwan da doka ta kare, kamar gawo da kuka da tsamiya da giginya. Ba a taɓa su sai da izini.

2. Kayan aiki

Masassari na ƙwarai yana duba gatarinsa tun gida. Yana girgiza ƙota, ya ga ko ta tsage, ko ruwan gatarin yana motsi. Gatarin da bai zauna daidai ba yana iya fita ya sami wanda yake kusa. Yana wasa shi kuma, don dakusasshen gatari ba ya kama icce, sai ya goce ya nufi ƙwauri. Yana sa takalmi mai rufi saboda ƙaya da kunama. Yana ɗaukar goran ruwa. Ba ya shiga daji shi kaɗai.

3. Kafin sara

Kafin ya ɗaga gatari, sai ya zagaya iccen. Ya dubi sama, ko akwai busasshen reshe ko zuma. Ya dubi gindi, ya buga ciyawa da sanda saboda kububuwa da kasa. Ya ga inda iccen ya karkata da inda iska take kaɗawa. Ya share hanyar gudu ta baya, can gefe. Idan iska ta yi ƙarfi, sai ya bari har ta kwanta.

4. Yadda ake sara

Ƙananan itatuwa kamar sabara da geza da taramniya ana saransu ƙasa ƙasa, a karkace, don ruwan sama kada ya kwanta bisa kututture ya ruɓar da shi. Kututturen da aka sara da kyau yana sake toho.

Babban icce, irin na bakin gulbin Maraɗi, yana da tasa hanya. Da farko a yi masa baki ta wajen da ake so ya faɗi, zurfinsa kamar kashi 1 cikin 4 na kaurin iccen. Sa'an nan a koma baya, a sara sama kaɗan da bakin farko. Kada a tsinke shi duka. A bar ɗan tsakiya, shi ne yake riƙe iccen ya kai shi inda ake so. Mai sara ya yi kira da ƙarfi kafin icce ya faɗi. Sauran mutane su tsaya nesa, tsawon iccen sau 2.

5. Zarto mai inji

Yanzu akwai zarto mai inji. Yana da sauri, amma haɗarinsa ya fi na gatari. Idan hancinsa ya taɓa icce, yana iya zabura ya komo wajen fuskar mai riƙe da shi. Ƙararsa tana kurmantar da kunne sannu sannu. Mai aiki da shi yana riƙe shi da hannu 2, ya sa hular kwano da tabarau da abin toshe kunne da wando mai kauri. A 1998 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da ƙa'idodin tsaron lafiya a aikin daji. Suna neman kada a ba kowa irin wannan aiki sai an horar da shi.

6. Idan tsautsayi ya faru

Idan an yanke, a danne raunin da tsumma mai tsabta har jini ya tsaya. Kada a zuba ƙasa ko toka. Idan maciji ya yi sara, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tam. A hana mutumin tafiya, a ɗauke shi zuwa gidan likita maza maza.

Yara, ku ma kuna zuwa neman kirare. Kada ku tsaya ƙarƙashin iccen da ake sara. Kada ku yi wasa da gatarin babanku. Rigakafi ya fi magani.

Kalmomi
masassari: le bûcheron
gatari: la hache
ƙota: le manche
kututture: la souche
zarto mai inji: la tronçonneuse

Tambayoyi
1. Mi ya sa ake raba daji kashi kashi?
2. Don mi dakusasshen gatari yake da haɗari?
3. Icce yana da tsawon metir 8. Nesa nawa mutane za su tsaya?
4. Faɗi abu 3 da ba a yi ma wanda maciji ya sara.

Aiki
Ku tambayi mai sayar da icce na unguwarku daga ina iccensa yake fitowa, da sunayen itatuwan. Ku rubuta amsar cikin littafinku, ku kawo ma malam gobe.