Yadda Za Mu Yi Bitar Darussan Kimiyya Kafin Jarrabawa

Kowace shekara jarrabawar WAEC takan zo a watannin Mayu da Yuni, ta NECO kuma ta biyo baya, daidai lokacin da iyayenmu a ƙasar Musawa suke fama da shuka da noman firi. Da yawa cikinsu hatsi suka kai kasuwa suka biya kuɗin rajista. Mai son karanta aikin likita, ko injiniya, ko aikin gona a jami'a kuwa, sai ya sami kiredit biyar, har da Turanci da Lissafi da darussan kimiyya. Saboda haka ya kamata mu dubi yadda muke bita.

Yawancinmu idan an ce bita, sai mu buɗe littafin rubutu mu karanta sau uku ko huɗu, har idonmu ya saba da shafin, mu ɗauka mun iya. Ranar jarrabawa kuwa babu littafi a gabanmu, abin da ke cikin kai kaɗai za mu fitar, kuma fitarwar nan ce ba mu taɓa gwadawa ba.

A shekarar 2006 waɗansu masana biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, sun gwada wannan. Sun sa wani rukunin ɗalibai ya yi ta maimaita karanta wani rubutu a zama huɗu. Wani rukunin ya karanta a zama ɗaya, sa'an nan sau uku aka karɓe takardar aka ce su rubuta abin da suka tuna. Bayan minti biyar masu maimaita karatu ne a gaba. Bayan mako guda sai abin ya juye: masu maimaitawa sun tuna kashi 40 cikin ɗari, masu gwada kansu kashi 61. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Yaron da ke haddace aya a makarantar Lahadi, da almajirin da ke tilawa bayan ya wanke allo, duk da ka suke kawo karatun, ba sa duba rubutu.

1. Mu rufe littafi. Bayan mun karanta babi ɗaya, sai mu rufe, mu ɗauki farar takarda mu rubuta duk abin da muka tuna. Daga nan mu buɗe mu gwada, mu cike giɓin da jan biro. Abin da aka rubuta da ja shi ne aikin gobe. Wannan ya fi karatu wuya, kuma wuyar ce take sa abin ya zauna.

2. Mu raba bitar kwana-kwana. Tun a 1885 wani Bajamushe mai suna Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko da ranar farko, daga baya ta rage gudu. Don haka darasin da aka koyar yau a gwada shi yau da dare, a sake bayan kwana uku, da bayan mako guda, da bayan wata guda. Manomi ba ya yin noma ɗaya ya bar gona sai kaka. Yakan koma ya yi maimai kafin ciyawa ta fi ƙarfinsa. Minti 30 a rana huɗu dabam-dabam sun fi awa biyu a zama ɗaya. Ƙananan katuna na kwali suna taimakawa: tambaya a gaba, amsa a baya. Wanda muka amsa daidai a ajiye shi sai mako mai zuwa, wanda muka faɗi ya dawo gobe.

3. Kowane darasi da irin bitarsa. A Bayoloji sai mun yi zane da ka, mu sa sunayen sassa da Turanci daidai yadda ake rubuta su, domin kuskuren harafi yana iya cin maki. Kayan aikin suna gida. A jiƙa ƙwayar masara da ta wake a tsaga, a ga ɗaya mai ganyen tsiro guda ce, ɗaya mai biyu. A tuge gyaɗa a dubi ƙulle-ƙullen saiwarta, inda ƙwayoyin Rhizobium suke kama naitirojin daga iska. A Kimistiri mu ɗauki buhun takin yuriya misali. Tsarinsa CO(NH2)2 ne, nauyinsa 12 da 16 da 28 da 4, jimla 60. Naitirojin 28 ne cikin 60, wato kashi 46 da ɗoriya cikin ɗari, shi ya sa ake rubuta 46 a jikin buhun. Wanda ya yi wannan lissafi da hannunsa sau uku ba zai manta hanyar ba. A Fiziks kuwa haddace V = IR ba ya isa. Sai mun warware tambayoyi, wata ta nemi V, wata I, wata R, muna sa ma'aunin kowace amsa, domin lamba ba ma'auni ragin maki ce.

4. Mu koya wa juna. Mutum uku ko huɗu sun isa ƙungiya. Ɗaya ya tashi ya bayyana yadda ganye yake haɗa abinci da hasken rana, da Hausa tukuna, sauran su yi masa tambayoyi, sa'an nan kowa ya rubuta da Turanci yadda za a rubuta a jarrabawa. Inda bayani ya tsaya wa mutum, nan ne bai gane ba, sai a kai wa malami.

5. Tambayoyin shekarun baya. A wata biyun ƙarshe mu riƙa zama da agogo muna amsa su kamar a zauren jarrabawa, mu gauraya babi-babi, domin takardar ba ta bin jerin littafi. Kada a duba amsa sai an gama.

Daren jarrabawa na barci ne. Barci yana taimaka wa ƙwaƙwalwa ta adana abin da aka koya, mai kwana a zaune da goro ko shayi kuwa yakan shiga zaure kansa a dame. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma mu guji satar amsa, domin hukumar jarrabawa tana riƙe sakamako ko ta soke shi, kuɗin iyaye da wahalar shekara uku su tafi a banza.

Muna roƙon iyaye su rage wa 'yan aji shida aikin gona da na gida a waɗannan makonni, musamman 'yan mata, su kuma tanadar musu fitila. Ɗan aji huɗu da na aji biyar su fara tun wannan zango, da darasin da aka koyar yau. Allah ya ba mu sa'a.