Yadda ake ciro maganin gangamau daga saiwarsa

Duk wanda ya tashi a Nima ko Maamobi ya san ɗacin gangamau. Ranar Laraba, ranar kasuwar Nima, za ka tarar da saiwarsa ɗaure-ɗaure a gaban masu magani. In ka karya ta, cikinta rawaya ne. Tonawa nibima suke ce masa. In zazzaɓin cizon sauro ya kayar da mu, Kaka takan tafasa shi ta tsaya a kanmu da kofi tana cewa, "Shanye, jikalle, ɗacin nan shi ne lafiyarka." Sai da na shiga jami'a na ga yadda ake raba abin da ke warkarwa da sauran tarkacen saiwar.

Da farko sai an kai tsiron da ganyensa wurin masana tsirrai sun tabbatar Cryptolepis sanguinolenta ne. Wannan ba ɓata lokaci ba ne, don a wasu garuruwan Hausa kurkum ma gangamau ake ce masa. Shanyawa a inuwa, niƙa, wanke maiƙon garin da heksen, duk ba su da wuya. Daga nan a jiƙa garin da amoniya, a tatse shi da kulorofom, a girgiza abin da aka tatso da ruwan asid mai sauƙi. Sinadarin sai ya bar dattin ya koma cikin ruwan, rawaya irin ta tukunyar Kaka. Ka ɗiga masa amoniya, nan take ya rikiɗe shunayya mai duhu. Ranar da na fara ganin haka sai da na yi salati.

Inda ake gane gwani shi ne cika bututu. Dogon bututun gilashi ne a tsaye, da famfo a gindinsa. A toshe ƙasan da ɗan auduga, a dama farin garin alumina da kulorofom kamar ana dama koko, a zuba a hankali ana ƙwanƙwasa gefen gilashin da yatsa har garin ya zauna daidai wa daida. Kumfar iska guda in ta maƙale, ruwan zai bi ta nan ya yi wa kansa hanya, abubuwan da kake son rabawa su sauko a cakuɗe. Saman garin kuma ba a bari ya bushe ko na ƙiftawar ido. Na taɓa fita salla na bar famfo yana ɗiga. Kafin in dawo garin ya tsage tun daga sama har ƙasa, aikin mako biyu ya tafi. Dattijon da ke kula da ɗakin binciken bai yi faɗa ba, ya dai ce, "Yaro, bututu jariri ne, ba a barinsa shi kaɗai." Irin waɗannan dattawa sunansu ba ya fitowa a takardun bincike, amma hannunsu ne ke koya wa ɗalibai aikin.

In bututu ya cika lafiya, a ɗora tatsattsen a sama, a riƙa bin sa da kulorofom mai ɗan metanol. Kana kallo zoben shunayya zai rabu da sauran launuka yana saukowa sannu a hankali. A tare shi cikin ƙananan kwalabe, a ɗiga kowanne a faranti, a fesa ruwan Dragendorff. Kwalaben da suka ba da tabo guda tak mai ruwan lemo su ake haɗawa, a ƙafe ruwan, a bar shi ya yi ƙanƙara siri-siri kamar allurai.

Launi kaɗai ba shaida ba ne. Sai an ga ya narke a wajen digiri 166 zuwa 169, injin awon nauyin ƙwayar sinadari ya nuna 232, injin NMR kuma ya nuna yadda kabon 16, haidurojin 12 da naiturojin 2 suka jeru. Sannan ake kiransa da sunansa, kiriptolefin. Clinquart ya fara ciro shi a 1929, Dwuma-Badu da abokan aikinsa na Kumasi suka ciro shi daga saiwar Gana a 1978. Dakta Oku Ampofo kuwa, wanda ya kafa cibiyar binciken maganin tsirrai ta Mampong-Akuapem a 1975, wurin masu maganin gargajiya ya zauna ya koyi amfanin nibima, kuma har yau cibiyar tana haɗa maganin zazzaɓi da shi.

Bincike ya nuna sinadarin yana kashe ƙwayar maleriya, ya kuma nuna in ya yi yawa yana illata ƙwayoyin jikin mutum. Don haka, iyayenmu na Zango, a sha gangamau da awo, mai juna biyu kuma kada ta sha sai ta ga likita.